Hopefully: kalmar da Turawa suka yi shekara 50 suna rigima a kanta

Duk mai bin hirar da ake yi da 'yan ƙwallon Firimiya bayan an tashi wasa ya san kalmar nan ko da bai taɓa tsayawa ya yi tunani a kanta ba. Ɗan wasa na haki gumi na zuba a miƙa masa makirfo, sai kaji yace hopefully za mu ci wasa na gaba, hopefully raunin da abokina ya samu ba mai tsanani bane. Koci ma haka, minista haka, likita haka, ɗalibin da ke jiran sakamakon jarrabawa shima haka, kuma yau babu wanda zai ɗaga kai don ya ji ta. Amma fa akwai lokacin da idan ka rubuta ta a wannan sigar a wata babbar jarida a Amurka edita zai ja mata jan biro, wani ma daga nan ya gama yanke hukunci cewa karatunka bai yi nisa ba. Manyan marubuta masu lambobin yabo sun zage ta, an manna takarda a ƙofa saboda ita, an yi ta kaɗa ƙuri'a a kanta tun daga shekarun 1960 har zuwa 2012.

Asalin matsalar dai ita ce kalmar aiki biyu take yi. Aikin farko, wanda shine tsoho, tana bayyana halin da mutum yake ciki lokacin da yake aikata wani abu, wato cikin fata, zuciyarsa cike da sa rai. Kamar ace yaro ya kalli mahaifiyarsa hopefully, ma'ana ya kalle ta da idon mai sa ran za a ba shi wani abu. A nan kalmar bayanau ce zalla, wato mai bayyana yadda aka yi aiki, tana jingine da aikatau, wato kalmar aiki, kuma da wannan ma'anar ake samunta a rubuce tun ƙarni na 17. Misalin da malaman Turanci suka fi son kawowa shine wata jimla ta Robert Louis Stevenson, marubucin nan ɗan Scotland, da ta fito a littafinsa na 1881, inda yace "to travel hopefully" ya fi isowa, wato tafiya da zuciya cike da buri ta fi saukar daɗi. Aiki na biyu kuma shine wanda kowa ya sani yanzu, a sa ta a farkon magana ko a tsakiya tana nufin ina fata, muna fata, Allah ya sa. Idan mutum yace hopefully jirgi zai iso da wuri, ba jirgin bane ke cike da fata, mai maganar ne. To wannan na biyun ne ya tayar da ƙura.

Kafin a zo kan ƙurar yana da kyau a san cewa ita kanta uwar kalmar, hope, ba ta taɓa zama wuri ɗaya ba. A tsohon Turanci na kafin shekarar 1100 ana cewa hopa, aikatau ɗin kuma hopian, kuma galibi a harkar addini ake samunta, da ma'anar dogaro da amincewa, musamman dogaro ga Ubangiji, abin da ya fi kusa da tawakkali fiye da fatan da mutum ke yi yana ɗar-ɗar. Daga baya a tsakiyar zamani, musamman a bakin mutanen arewacin Ingila, sai ta koma tana iya nufin tsammani kawai, ko na alheri ko na sharri. Chaucer, mawaƙin Ingila wanda ya rasu a 1400, a wani labarinsa ya sa wani ɗalibi ɗan arewa yana cewa yana "hope" mai kula da abincin kwalejinsu zai mutu, kuma ba mugun fata yake masa ba, cewa yake yana jin tsoron mutumin ba zai tashi ba. A 1589 ma marubucin Ingila George Puttenham ya kawo labarin wani majemi da ya yi wa Sarki Edward na huɗu rashin kunya bai san sarki bane, da ya gane sai yace yana "hope" gobe za a rataye shi, sarki ya yi dariya, don a kunnen mutanen fada na lokacin wannan ma'anar ta riga ta zama ta ƙauye. Kaga kenan tun kafin a haifi kakannin masu rigimar kalmar ta sha sauya riga ba tare da ta nemi izinin kowa ba.

Ita ma ma'anar ta biyu ta hopefully ba sabuwa bace kamar yadda aka ɗauka. Masu haɗa ƙamus sun tono ta a rubutun Cotton Mather, wani malamin coci a Boston, a 1702, sannan akwai misali ƙarara a shafin sharhin littattafai na jaridar New York Times a 1932. Tana nan dai tana bulla jefi-jefi babu wanda ya kula. Littafin H. W. Fowler na 1926, wanda Turawan Ingila suka ɗauka kamar alƙalin alƙalai a kan ingantaccen Turanci, bai ce komai a kanta ba. Ƙaramin littafin Strunk da White da ɗaliban Amurka ke rungume da shi, bugun 1959, shima bai ambace ta ba. Sai a farkon shekarun 1960 ta fashe, lokaci ɗaya ta cika bakin 'yan siyasa da jami'an gwamnati da masu talla da 'yan talabijin, kuma abin da ya yi yawa farat ɗaya dole ya tsaya wa wasu a rai.

Ni a nawa ganin rashin sa'ar kalmar shine lokacin da ta zaɓa ta yi tashe. A 1961 kamfanin Merriam ya fitar da babban ƙamus ɗinsa bugu na uku, wanda ake kira Webster's Third, ƙarƙashin edita Philip Gove. Shi Gove ra'ayinsa shine aikin ƙamus ya rubuta yadda mutane ke magana a zahiri, ba ya zauna yana raba wa kalmomi takardar halal da haram ba, don haka ya rage tambarin da ake manna wa kalmomi na cewa wannan ta 'yan tasha ce wannan ba daidai bace, har kalmar ain't da malaman makaranta suka tsana ya sassauta mata. Wallahi kamar ya taɓa gidan rina. Jaridu suka yi ca, Wilson Follett ya rubuta a mujallar Atlantic a farkon 1962 yana kiran aikin zagon ƙasa, Dwight Macdonald ya yi doguwar suka a New Yorker a shekarar, wani mai kamfanin buga mujalla James Parton har yunƙurin sayen kamfanin Merriam ya yi don ya gyara abin da yake gani ɓarna ce, da abin bai yiwu ba sai ya kafa nasa ƙamus ɗin, American Heritage, wanda ya fito a 1969. Wato dai an riga an ja daga, masu ganin Turanci na lalacewa suna neman abin nunawa da yatsa su ce kun gani ko, sai ga hopefully ta shigo fili tana yawo a bakin kowa.

Theodore Bernstein, ɗaya daga cikin manyan editocin New York Times, ya soke ta a littafinsa na 1965. Follett ya rasu a 1963 amma littafinsa da Jacques Barzun ya ƙarasa ya fito a 1966, shima ya yi mata kaca-kaca. E. B. White ya ƙara ta a bugun shekarun 1970 na ƙaramin littafin nan, yace amfani da ita haka ba kuskure kaɗai bane shirme ne, ya kawo misalin mutumin da yace hopefully zai tashi a jirgin tsakar rana, yana tambaya wai nufinsa zai hau jirgin yana cike da fata ne ko kuwa yana fatan ya samu jirgin. Daga nan abin ya wuce gyaran nahawu ya koma gasar wa ya fi iya zagi. A wani ƙamus na 1975 da William da Mary Morris suka haɗa, sun tambayi marubuta ra'ayinsu, wani masanin tarihi yace ita ce mafi munin amfani da kalma a zamaninsu, mawaƙiya Phyllis McGinley kuma tace abin ƙyama ce kuma masu amfani da ita sun cancanci a rataye su. Wasa take yi mana, amma ka ji nauyin wasan. Marubuciya Jean Stafford takarda ta manna a ƙofar gidanta tana gargaɗin cewa duk wanda ya yi kuskuren kalmar a harabar gidan za a ci masa mutunci. Edwin Newman na gidan talabijin ɗin NBC shima ya rataya nasa allon a ofis, ya ɗauko jimlar da Dante, mawaƙin Italiya, ya ce an rubuta a ƙofar wuta, mai cewa ku yanke ƙauna ya ku masu shiga, ya cire hope ya sa hopefully.

To meye hujjarsu? Wadda suka fi maimaitawa ita ce bayanau dole ya jingina da aikatau, idan ka ce hopefully ruwa zai sauka to ka ce ruwan ne ke da fata. Wannan hujjar duk mai jin Hausa zai iya rusa ta ba sai ya buɗe littafi ba. Idan nace gaskiya Audu ƙarya yake yi, akwai wanda zai fahimci cewa Audu na yin ƙarya cikin gaskiya? Babu. Kowa ya san "gaskiya" ɗin tawa ce ni mai magana, matsayina nake faɗa a kan duk jimlar. Haka abin takaici, haka abin mamaki, haka a taƙaice. Kowane harshe yana da irin waɗannan kalmomin da ke tsayawa a gefe suna yi wa jimla gabaɗaya sharhi, kuma Turanci cike yake da su, frankly, sadly, luckily, fortunately, clearly, da su ake rubutu ɗaruruwan shekaru, su kansu masu sukar da su suke rubuta sukar tasu. Babu wanda ya taɓa manna takarda a ƙofa saboda frankly.

Masu wayo a cikinsu sun ga wannan ramin sai suka gyara hujjar, kuma gyaran yana da ɗan ƙarfi, ya kamata a ba su haƙƙinsu. Suka ce sauran kalmomin ana iya warware su, fortunately na nufin abin sa'a ne cewa kaza ya faru, sadly na nufin abin baƙin ciki ne cewa kaza, wato sifar da ke cikin kalmar tana siffanta lamarin ne. Amma hopeful sifa ce ta mutum mai ɗauke da fata, ɗafa-ƙeyar -ful ɗin ma'anarta cike da, to lamari ba ya cika da fata, mutum ne ke cika. Suka kawo tagwayen da Turanci ya riga ya raba, regretfully ga mutumin da ke cikin nadama, regrettably ga lamarin da ya cancanci a yi takaicinsa, suka ce da haka ya kamata a yi wa hope. Matsalar ita ce Turanci bai taɓa ƙera abokiyar tagwaitakar ba. An gwada ƙirƙiro hopably da makamantanta babu wadda ta kama, ko su masu ba da shawarar ba su yi amfani da su ba. Abin da ya rage wa mai son bin doka shine ya ce "it is to be hoped that", kalma shida masu nauyi kamar wasiƙar lauya a madadin guda ɗaya, ko ya ce "I hope" wanda kuma ba kullum yake dacewa ba, don wani lokacin ba kai kaɗai ke fatan ba, kowa ne. Sannan ga thankfully a gefe, wadda ginin ta iri ɗaya ne sak, mutum ne ke cika da godiya ba lamari ba, amma ita ba ta sha ko kashi ɗaya cikin goma na dukan da hopefully ta sha ba. Frankly ma idan ka bi ta da wancan gwajin faɗuwa take, don ba lamarin bane mai faɗin gaskiya.

Sai kuma zargin baƙunta. Follett ya ɗora laifin a kan masu fassara marasa ƙwarewa da suka ci karo da kalmar Jamusanci hoffentlich suka rasa yadda za su yi da ita, wasu suka ce baƙin haure masu jin Jamusanci ne suka shigo da ita Amurka. Gaskiya ne Jamusanci ya raba biyun, hoffnungsvoll ga mai cike da fata, hoffentlich ga Allah ya sa, Holanci ma yana da hopelijk. Amma misalin 1702 ya riga waɗannan masu fassarar da ake zargi da fiye da shekara 200, kuma ko da ace aro ce, harshen da fiye da rabin kalmominsa daga Faransanci da Latin suka zo ba shi da bakin yi wa wata kalma gorin asali. Abin dariyar shine da rigimar ta tsallaka teku, masu suka a Ingila ba Jamus suka zarga ba, Amurka suka zarga, suka ce wani sabon shirmen Amurkawa ne aka turo musu. Kowa dai yana son ace daga gidan maƙwabci cutar ta shigo.

Inda abin ya fi ban sha'awa shine alƙaluman ƙamus ɗin American Heritage. Su sun kafa wani kwamiti na marubuta da editoci da malaman jami'a, mutum sama da 100 da farko daga baya ya kai kusan 200, ana tura musu jimloli su ce sun yarda ko ba su yarda ba. A ƙuri'ar ƙarshen shekarun 1960 kashi 44 cikin 100 sun amince da sabuwar ma'anar. Hankali zai ce da tafiya ta yi tafiya, kalmar ta ƙara bazuwa, adadin zai hau. Ina, sai ya faɗo zuwa kashi 27 a shekarun 1980, a daidai lokacin da kalmar ta riga ta zama ruwan dare a titi da jarida. A wannan ƙuri'ar dai kashi 60 suka amince da mercifully a irin wannan gurbin na farkon jimla. A 1999 hopefully ta ɗan farfaɗo zuwa kashi 34, sai a 2012 ta kai kashi 63.

Ka tsaya ka kalli faɗowar nan daga 44 zuwa 27. Nahawun Turanci bai canza ba a shekara 20 ɗin, kalmar ba ta ƙara muni ba, abin da ya canza shine labari ya bazu cewa masu ilimi ba sa amfani da ita, sai ƙin ta ya zama alamar da mutum ke nuna cewa shi ɗan gida ne. Kuma alama ce mai arha, shi ya sa ta yi farin jini. Iya rubutu mai kyau abu ne na shekaru, ka karanta ka rubuta ka goge ka sake, amma haddace cewa hopefully haramun ce minti ɗaya ya isa, daga nan ka samu sandar da za ka riƙa dukan minista da farfesa da mai karanta labarai kana jin kai ma wani ne. Duk wanda ya zauna a dandalin sada zumunta na Najeriya ya san irin wannan, mutum ya kawo magana mai ma'ana a kan tsaro ko farashin abinci, wani ya tsallake duk abin da ya faɗa ya kama shi da kuskuren harafi ɗaya na Turanci, shikenan an bar zancen an koma dariya. Masanin harshe Geoffrey Nunberg, wanda ya daɗe yana shugabantar wancan kwamitin, shi kansa ya sha faɗin cewa ƙin kalmar ba shi da tushe a nahawu. Bernstein ma da ya fara jifa ya janye a littafinsa na 1977, William Safire mai shafin harshe a New York Times ya kare ta, ƙamus ɗin amfani da kalmomi na Merriam-Webster na 1989 ya bi tarihin rigimar dalla-dalla ya nuna babu komai a ciki, amma duk wannan bai hana malamai ci gaba da jan biro ba, don dokar da aka koya wa mutum yana ƙarami ba hujja ce ke cire ta ba.

Duk da haka akwai ƙorafi ɗaya da ni nake ganin yana da nama a jikinsa, kuma ba na nahawu bane. Kingsley Amis, marubucin Ingila, a littafinsa da ya fito a 1997 bayan rasuwarsa, bayan ya gama zagin masu amfani da ita da cewa dolaye ne, sai yace babban laifin kalmar rashin gaskiya ne, tana ba mutum damar ya yi kamar ya yi alƙawari alhali bai yi ba, kuma 'yan siyasa na sonta sosai. Nan kam ya taɓo wani abu. Idan jami'i yace zan gama titin nan a Disamba, ya ɗaure kansa, ana iya zuwa a Janairu a tambaye shi. Idan yace ina fatan gamawa a Disamba, ya sassauta amma dai akwai "ni" a ciki, mun san mai fatan. Idan kuwa yace hopefully titin zai kammala a Disamba, to duba da kyau, babu mai fata babu mai aiki, titin ne zai kammala kansa, fatan kuma yana yawo a iska ba na kowa ba. Mutumin da kuɗin ke hannunsa da ikon sa hannu ya koma layin 'yan kallo yana taya mu jira. Kuma wannan ne ya bambanta ta da in sha Allah da muke faɗa, wanda wasu ke fassarawa da hopefully kai tsaye. Wanda yace zan zo gobe in sha Allah ya ambaci kansa a matsayin mai niyya, ya kuma ambaci wanda ikon ke hannunsa, kamar yadda aka umarta a cikin Suratul Kahfi. Ko mutane na wasa da shi wannan wani zance ne daban, amma ginin maganar bai ɓoye kowa ba.

Sai dai ko a nan ban bi Amis har ƙarshe ba. Jami'in da ke son zillewa ba zai rasa hanya ba ko an cire kalmar daga ƙamus, zai ce ana sa ran, zai ce nan ba da jimawa ba, zai ce shirye-shirye sun yi nisa, mu da muke sauraron labaran rediyo da Hausa mun san duk waɗannan ba tare da taimakon Turanci ba. Abin ban dariya ma shine maganin da masu gyara suka bayar, wato "it is to be hoped that", ya fi hopefully ɓoye mai fatan nesa ba kusa ba. Sannan rashin ambaton mai fata ba kullum yake zama wayo ba, sau da yawa shine amfanin kalmar. Likitan da ya ce wa dangin mara lafiya hopefully zai farfaɗo kafin safe ba zillewa yake ba, yana faɗin abin da shi da su duka ke so ne a kan lamarin da ya fi ƙarfinsu, in yace "I hope" sai ya zama kamar nasa fatan ne abin dubawa. Mu ma ai haka muke buɗe saƙo, da fatan an tashi lafiya, ba mu ce wa ke fatan ba kuma babu wanda ya taɓa tambaya. Hopefully tana ɗauke da wani abu kuma da "I hope" ba ta da shi, tana nuna mai magana na ganin abin mai yiwuwa ne, akwai dalilin sa rai. Mutum na iya cewa yana fatan ya ci cacar miliyoyi duk da ya san da wuya, amma in ya fara da hopefully sai a ji kamar har ya fara lissafin yadda zai kashe kuɗin. Gurbi ne da harshen ke buƙata, shi ya sa shekara 50 na zagi ba su motsa ta ba.

Bryan Garner, lauya kuma mai rubuta littattafan amfani da Turanci a Amurka, ya ƙirƙiro wa irin waɗannan kalmomi suna, yace kalmomi ne da skunk ya fesa, wata dabba ce a can mai fesa wari idan an tsokane ta, kusan dai yadda jaba ke ɓata duk abin da ta ratsa. Nufinsa idan kalma na tsakiyar sauya ma'ana to ta kowane gefe ka taɓa ta sai ka kwashi wari, ka yi amfani da sabuwar ma'ana tsofaffi su ce ka yi kuskure, ka yi amfani da tsohuwar matasa su kasa gane ka, don haka shawararsa a lokacin ita ce mai hankali ya kauce mata gabaɗaya. Editoci da yawa haka suka yi, ba don sun yarda da haramcin ba sai don gudun wasiƙun masu karatu. Wannan ne ma ya sa haramcin ya daɗe fiye da masu imani da shi, kowa na kiyaye dokar saboda tsoron wani wanda shima tsoron wani yake.

Ranar da za a iya cewa an rufe fayil ita ce a watan Afrilun 2012, lokacin da kamfanin dillancin labarai na AP, wanda littafin ƙa'idojin rubutunsa ne mafi yawan jaridun Amurka ke bi, ya sanar a taron editoci a New Orleans cewa ya amince da sabuwar ma'anar. Da suka zo sanarwa a Twitter ma da kalmar suka buɗe jimlar, tsokana dai ƙarara. An ɗan yi guna-guni na kwana biyu, wasu suka rubuta cewa an miƙa wuya ga jahilci, amma yawancin masu karatu mamakinsu shine wai dama haramun ce.

Wanda ya yi asara a duk wannan tafiyar, in akwai, tsohuwar ma'anar ce. Har yanzu tana raye a littattafan labari, inda za ka ga an ce wani ya tambaya hopefully ko kare ya kalli kwanon abinci hopefully, amma gurbinta ya matse, sai a bayan aikatau irin na kallo da tambaya da murmushi. Da zarar ta matso farkon jimla, ko ta haɗu da abin da zai faru nan gaba, kowa sabuwar ma'anar zai ji, marubucin da ke nufin tsohuwar dole ya canza ya ce "with hope" ko wani abu makamancin haka. Ɗalibin da zai rubuta Turanci a WAEC ko wata jarrabawar ƙasashen waje yau ba shi da abin tsoro a nan, manyan ƙamus na Oxford da Cambridge da Merriam-Webster duk sun jera ma'ana biyun, wasunsu ma sabuwar suke sawa a sama. Shi kuwa kwamitin American Heritage da ya yi ta kaɗa ƙuri'a a kanta, kamfanin ya rufe shi a 2018, masu neman kalmar da za su yi fushi da ita kuma tuni suka koma kan literally da irregardless.